Daga Santiago zuwa Padrón, a sawun Rosalía de Castro

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Madrid ya nufi arewa maso yammacin Sifaniya zai daɗe yana ratsa filayen Kastiya, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin ruwa, gonakin alkama iyakar ganin ido, itatuwa kuwa sai jefi-jefi. Bayan an wuce garin Zamora sai jirgin ya fara kutsawa ta cikin duwatsun da aka huda masa hanya, yana fita daga wannan rami yana shiga wancan, kuma kafin a isa Ourense ƙasar ta sauya kama gaba ɗaya: tsaunuka kore shar, ƙoramu a kowane kwari, ƙananan gonaki da aka kewaye da shingen dutse, da dogayen rumbunan masara da aka ɗora a kan ginshiƙai don kada ɓera da laima su kai ga abin da ke ciki. Wannan ita ce Galisiya, yankin da ke arewa da Fotugal a bakin tekun Atilantika, kuma abin da ya kai ni can shi ne son ganin wuraren da Rosalía de Castro ta rayu, marubuciyar waƙoƙi da ƙagaggun labarai wadda aka haifa a 1837, ta rasu a 1885.

Wannan nisa da jirgi ya cinye cikin 'yan sa'o'i, a zamaninta da ƙafa talakawa suke bin sa. Kowace shekara idan alkama ta nuna, mutanen Galisiya maza da mata sukan ɗauki laujensu su gangara Kastiya ƙwadagon girbi, su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, wasu da ciwo a jiki, wasu kuma ba sa dawowa sam. Rosalía tana da waƙa a kan haka, wadda ta sa a bakin wata budurwa da masoyinta ya tafi neman abinci aka shayar da shi ɗaci har ya mutu, kuma waƙar zargi ce kai tsaye ga mutanen Kastiya, ba rufa-rufa. A cikinta akwai baitin da ya ce 'yan Galisiya suna tafiya kamar furanni, suna dawowa kamar baƙar fata, abin nufi bayi. Ni da nake baƙar fata, wannan baiti ya tsaya mini a rai tun ranar da na fara karanta shi, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba don kawai ina girmama wadda ta rubuta shi. A lokacin da ta yi waƙar ana ci gaba da bautar da 'yan Afirka a tsibirin Kuba da ke ƙarƙashin Sifaniya, ba a kuma soke bautar a can ba sai 1886, bayan rasuwarta da shekara guda. Ta auna wulaƙancin mutanenta da ma'aunin namu, amma a wannan waƙar ba ta waiwayi waɗanda ta yi ma'aunin da su ba.

Na sauka Santiago de Compostela ana yayyafi, kamar yadda aka saba a garin. Tsohon birnin duk da dutse aka gina shi, tituna da gidaje da rumfunan da ke gefen hanya, kuma komai yakan ɗauki sheƙi idan ya jiƙe. A dandalin Obradoiro, gaban babbar majami'ar da Kiristoci suka yi imani cewa a cikinta aka binne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, masu ziyarar ibada suna ta isowa da sanduna da jakunkuna a baya, kowa da ɓawon kodin teku rataye a kayansa, wasu suna rungumar juna, wasu sun zube a ƙasa don gajiya. Ni kuwa ginin da ke arewacin dandalin ne ya ja hankalina. Sarki Fernando da Sarauniya Isabel ne suka sa aka kafa shi a matsayin asibitin matafiya, a yau kuma ya zama otal mai tsadar gaske. A ɗakin ibadar wannan asibiti aka yi wa jaririya María Rosalía Rita baftisma a watan Fabrairun 1837, aka kuma rubuta a littafin rajista cewa ba a san iyayenta ba. Alhali an san su. Mahaifiyarta, María Teresa de Castro, 'yar gidan masu asali ce da dukiyarsu ta ja baya, mahaifinta kuma, José Martínez Viojo, limamin cocin Katolika ne, wanda dokar cocinsa ta hana shi aure, balle ya amsa cewa 'yarsa ce. Asibitin yana da sashen da ake ajiye jariran da aka yasar, amma ba a kai ta can ba. Matar da ta riƙe ta wurin baftisma ce ta fita da ita. Ta yi farkon ƙuruciyarta a ƙauye, a Ortoño wurin dangin mahaifinta, daga baya ta koma hannun mahaifiyarta a Padrón da Santiago.

Zaman ƙauyen nan ne ya ba ta harshen da ta shahara da shi. Galisiyanci ɗan'uwan Fotugisanci ne na jini, kuma a ƙarni na 13 shi ne harshen waƙa a fadojin yankin, har Sarki Alfonso na 10 na Kastiya da shi ya sa aka tsara waƙoƙinsa na yabon Maryamu. Daga baya mulki ya tattara a Kastiya, sai harshen ya fita daga takarda na tsawon ƙarnoni kusan uku, waɗanda masana tarihin yankin suke kira ƙarnonin duhu. Coci da kotu da makaranta duk suka koma Sifaniyanci, Galisiyanci ya rage a bakin manoma da masunta da 'yan aikin gida, har ta kai wanda ya yi ɗan ilimi yana jin kunyar a ji shi yana magana da shi. Yarinyar da aka haifa cikin abin da jama'a suka ɗauka abin kunya, ita ce ta ɗauko harshen da ake jin kunyarsa ta mayar da shi cikin littafi.

Littafin shi ne Cantares gallegos, wato waƙoƙin Galisiya, wanda aka buga a maɗaba'ar Juan Compañel da ke Vigo a 1863. Dabarar da ta bi a ciki mai sauƙi ce a ido: takan ɗauko baiti ɗaya ko biyu daga waƙoƙin da mata suke rerawa a gona ko a wurin wanki a bakin rafi, ko wani karin magana, ta gina doguwar waƙa a kansa, ta yadda mai karatu ba zai gane inda muryar jama'a ta tsaya tata ta fara ba. Akwai raha a ciki, da bukukuwan ƙauye, da mai busa, da ƙararrawar cocin Bastavales da mai nisa da gida yake kewar jin ta, amma a gabatarwar ta faɗi ƙarara cewa ta yi littafin ne don kare ƙasarta da harshenta daga masu yi musu ba'a ba tare da sun san su ba. Daga wannan littafi ake ƙirga farfaɗowar adabin Galisiya, wanda marubutan waƙoƙi Eduardo Pondal da Manuel Curros Enríquez suka taya ta ɗauka.

Padrón yana kudu da Santiago da kimanin kilomita 20, kuma jirgin ƙasa yana sauke mutum kusa da gidan da ta ƙarasa rayuwarta, a unguwar da ake kira A Matanza. Gidan dutse ne mai hawa ɗaya, ba babba ba, da baranda, da lambu mai cike da itatuwan kameliya. Haya iyalin suka yi a cikinsa, domin har ta rasu ba su zauna wuri ɗaya na dogon lokaci ba. Ta auri Manuel Murguía, marubucin tarihi, a Madrid a 1858, shekara guda bayan ya yi sharhin yabo a jarida kan ɗan littafinta na farko, La flor, kuma tun daga nan aikinsa da siyasar zamanin suka riƙa yawo da su tsakanin Madrid da Santiago da A Coruña da Simancas da wasu garuruwa, kullum cikin ƙarancin kuɗi, ita kuma cikin rashin lafiya. Ta haifi 'ya'ya bakwai. Adriano ya rasu yana ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni bayan ya faɗo daga kan tebur a 1876, Valentina kuma ba ta zo da rai ba a shekarar da ta biyo.

An mayar da gidan wurin tarihi a 1971. A ƙasa akwai murhun gargajiya na dutse da tukunyar ƙarfe rataye a kan sarƙa, a cikin akwatunan gilashi kuma akwai bugun farko na littattafanta da fassarorinsu cikin harsuna daban-daban. A sama akwai ɗakin da ta cika, da gadonta, kuma masu kula da gidan suna ajiye fure a kan matashin kai. Na ga baƙi suna shiga ɗakin suna rage murya kamar masu ziyarar kabarin waliyyi, kuma lallai haka da yawa suke ɗaukar ta, uwa mai tausayi, mai yawan hawaye, wadda ta sha wahala ta yi haƙuri. A nan ne na ji raina bai kwanta da wannan hoto ba, domin wadda na sani a cikin littattafan mace ce mai zafin rai da kaifin tunani, kuma girmamawar da ake yi mata bayan mutuwa ta shafe wannan ɓangare nata da yawa.

Wanda yake son ya san ta sai ya buɗe Follas novas, wato sababbin ganye, na 1880, wanda ta rubuta kaso mai yawa daga cikinsa tana zaune a Simancas, a tsakiyar Kastiyar da ba ta ƙauna. Kashi biyar ne, na ƙarshensu kuma ta sa masa suna matan da rayayyu suka bari da matan da matattu suka bari, tana kiran dukansu gwauraye, domin a ganinta wadda mijinta ya hau jirgin ruwa zuwa Habana, babban birnin Kuba, ya yi shekaru ba wasiƙa ba aike, ba ta da bambanci da wadda ta binne nata. Dalilin hijirar ba ɓoyayye ba ne: gonakin ƙanana ne ƙwarai saboda rabon gado, manomi kuma yana biyan galla ga masu ƙasa bisa wani tsohon tsarin haya, ga harajin gwamnati, ga yunwa irin ta 1853 da ita kanta ta gani da idonta tana budurwa a Santiago. Wata waƙa ta fara da lissafin abin da aka sayar wa wani magidanci saboda bashi, shanun huɗa da na tatsa, da tukunyar miya, da bargon rufa, kafin ya ce wa matarsa zai tafi. A wata kuma mace ce take cewa ita kaɗai ta saƙa zanenta, ita kaɗai ta shuka gonarta, ita kaɗai take zuwa itace. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukanmu bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da maza suka watse ci-rani aka bar mata da yara da tsofaffi, zai gane wannan gida ba sai an yi masa bayani ba. Akwai kuma waƙar da ba a cika karanta wa baƙi ba, ta wata mata da masu ƙarfi suka raba da gidanta, 'ya'yanta suka mutu da yunwa, ta kai kuka wurin alƙalai aka yi mata dariya, sai ta ɗauki lauje ta je ta kashe su suna barci, ta zauna kusa da gawarwakin tana jiran hukunci. Abin lura shi ne, 'yan Galisiya mazauna Habana ne suka tsaya wa buga littafin, ita ma ga ƙungiyarsu ta taimakon juna ta sadaukar da shi, wato mazan da suka tafi su ne suka biya kuɗin buga kukan matan da suka bari.

A cikin littafin ne kuma waƙar baƙar inuwa take, wadda mai magana yake cewa duk lokacin da ya zaci ta tafi sai ya gan ta a gindin gadonsa, tana cikin rana, tana cikin iska, tana cikin kukan rafi. Xoán Montes ya yi mata kiɗa, aka fara rera ta a Habana a 1892, kuma har yau ana jin ta a tarukan 'yan Galisiya a gida da waje.

Daga gidan na taka zuwa cikin gari, zuwa wata doguwar hanyar shaƙatawa da ke gefen kogin Sar, wadda manyan itatuwa suka haɗe rassansu a samanta. A wani gefen akwai mutum-mutumin Camilo José Cela, marubuci ɗan yankin da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1989, a ɗaya gefen kuma na Rosalía, wanda 'yan Padrón mazauna Yurugwai suka bayar. Wata dattijuwa da na zauna kusa da ita a kan benci ta tambaye ni daga ina na fito da abin da ya kawo ni, da na gaya mata sai ta gyara zama ta karanto mini farkon waƙar Rosalía ta ban kwana da koguna da maɓuɓɓuga, da ka, ba gargada. Ta ce, “Ɗana, wannan ba a makaranta na koye ta ba, a zamaninmu ba a koyar da harshenmu a aji. Mahaifiyata ce take rera ta tun ranar da yayana ya tafi Buenos Aires.” Zamanin da take nufi shi ne na Janar Franco, wanda ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, shi kansa haifaffen Ferrol ne a Galisiya, amma bai bar wa harshen wuri a makaranta ko ofis ba. Yawan 'yan Galisiya da suka kwarara Ajantina ya sa har yau a can duk wani ɗan Sifaniya ana kiran sa ɗan Galisiya.

Ƙagaggun labaran Rosalía guda biyar duk da Sifaniyanci ta rubuta su, kuma ba a karanta su kamar waƙoƙin, abin da nake ganin rashi ne. Na farko, La hija del mar na 1859, labarin matan da wani azzalumin namiji ya tarwatsa wa rayuwa ne a garin masunta na Muxía, kuma a gabatarwarsa, tana da shekara 22, ta rubuta cewa har yanzu ba a yarje wa mata su rubuta abin da suke ji da abin da suka sani ba. El caballero de las botas azules na 1867 zambo ne ga manyan Madrid da marubutansu, inda wani baƙo mai shuɗin takalmi ya rikita birnin da son sanin sirrinsa. A wata maƙala ta koka cewa mutane suna yaɗa cewa mijinta ne yake rubuta mata komai, waƙa da zube, mai kyau da maras kyau, domin ba su yarda kan mace zai iya haifar da irin wannan ba.

Mutanenta ma ba su bar ta ta huta ba. A 1881 ta buga bayanin al'adun Galisiya a jaridar El Imparcial ta Madrid, ta ambaci wata al'adar karɓar baƙon jirgin ruwa da ta ce ana yi a wasu ƙauyukan bakin teku, wadda ta taɓa mutuncin matan gida. Jaridun Galisiya suka yi mata ca, suka ce ta zubar da mutuncin ƙasar da ta shafe shekaru tana karewa. Ta rubuta wa mijinta wasiƙa cikin fushi cewa ko nawa za a biya ta ba za ta sake rubutu da harshen ba, kuma littafinta na ƙarshe, En las orillas del Sar na 1884, wato a gaɓar kogin Sar, da Sifaniyanci ya fito. Waƙoƙi ne na wadda ta san ajali ya matso, cike da shakka da tambaya game da imani da mutuwa, da baƙin cikin sare dazuzzukan yankin, a cikin ma'aunan waƙa da masu sharhin lokacin suka ga ba su saba da su ba. Sai bayan shekaru marubutan Sifaniya suka dawo suka gane cewa ta riga zamaninta.

Ciwon dajin mahaifa ne ya yi ajalinta ranar 15 ga Yuli, 1885, tana da shekara 48. Kafin ta cika ta umarci 'ya'yanta su ƙone rubuce-rubucenta da ba a buga ba, suka kuma ƙone. An binne ta a maƙabartar Adina da ke Iria Flavia, tafiyar 'yan mintoci daga gidan, wurin da ta taɓa yi wa waƙa, mai tsofaffin itatuwan zaitun. A 1891 aka tono ta aka kai Santiago cikin gagarumin taro, da gudummawar 'yan Galisiya mazauna Kuba, aka sa ta a cocin San Domingos de Bonaval, inda daga baya aka riƙa binne manyan mutanen yankin, ciki har da Castelao, marubuci kuma ɗan siyasa, da aka dawo da gawarsa daga Ajantina a 1984. Na je wurin da na koma Santiago, na tarar da furanni a gaban kabarin da ɗaliban wata makaranta da malamarsu tana yi musu bayani. Karramawar ba ta tsaya nan ba: an sa hotonta a tsohuwar takardar kuɗin Sifaniya ta peseta 500, filin jirgin saman Santiago yana ɗauke da sunanta, kuma tun 1963, cikar shekara 100 da littafinta na Vigo, ranar 17 ga Mayu ta zama ranar adabin Galisiya, bisa shawarar cibiyar harshen da mijinta ya fara shugabanta a 1906. 'Yarta Gala tana raye aka yi bikin farko, ta haura shekara 90.

Galisiyanci ya sami matsayin hukuma tare da Sifaniyanci a dokar cin gashin kan yankin ta 1981, ana koyar da shi a makarantu, yana da gidan rediyo da talabijin, kuma da shi aka rubuta allunan tituna. Duk da haka alƙaluman hukumar ƙididdigar yankin suna nuna cewa yara masu magana da shi kullum suna raguwa, kuma abin da kunnena ya ji bai saɓa wa haka ba. Na sake zuwa Padrón ranar Lahadi, ranar kasuwarsu, inda ake sayar da cuku da kifi da kayan sawa da ƙananan koren barkonon da garin ya yi suna da shi. Masu sayarwa da masu saye manya duk da Galisiyanci suke ciniki, amma a rumfar da na sayi barkono, matar tana yi wa jikarta magana da Galisiyanci, yarinyar tana ƙirga canji tana mayar mata da amsa da Sifaniyanci.